KI BAR WA DIKODA SALLAHU, KI TAFI MAKARANTA

Yau ba maganar lefe ko ta samari na zo muku da ita ba, ko da yake in kun bi ni a hankali za ku ga ita ma soyayyar ce, domin akwai wadda take son wasan kwaikwayon talabijin fiye da yadda take son wanda ya kawo kuɗin gaisuwarta. Ta san kanta, ba sai na kama suna ba.

Abin da ya jawo wannan rubutu a gidanmu ya faru. Ina da ƙanwa 'yar ajin ƙarshe a sakandare, jarrabawar WAEC ta ƙarato, Baba ya matse aljihunsa ya biya mata kuɗin lesin na dare a gidan wata malama da ke bayan layinmu. To akwai wani wasa mai dogon zango da ake nunawa sau ɗaya a mako, kuma lokacinsa ya faɗa daidai tsakiyar lesin ɗin. Makon farko yarinya ta ce cikinta na ciwo, Umma ta jiƙa mata kanwa. Mako na biyu ciwon ya dawo, a wannan ranar dai, a kuma wannan lokacin. A na uku Baba ya shigo ɗaukar carbinsa, sai ya iske marar lafiya ta miƙe ƙafa a gaban talabijin har tana tafi. Bai yi faɗa ba, wanda da faɗan ya yi da ya fi mana sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Wannan wane irin ciwo ne da ya san kalanda?" Daga nan ya ce gobe da safe a kira mai haɗa dish ya sauke shi daga saman kwano, sai bayan jarrabawa.

Gida ya yi tsit. Umma ma da take ta cewa hukuncin ya yi daidai, na ga jikinta ya yi sanyi, don ita ma 'yar hannu ce a wannan wasan. Yayanmu ne, wanda yake gyaran waya a kasuwa, ya durƙusa ya ce, "Baba a yi haƙuri a ba ni kwana biyu. Zan sa akwatin nan ya riƙa ɗaukar mata shirin yana ajiyewa, ta je lesin ɗinta, ranar Asabar in ta gama wanki ta kalla." Baba ya ce in ta sake fashi ko sau ɗaya, da dish ɗin da akwatin duk zai kyautar.

Abin da Yaya ya koya mana a kwana biyun nan shi na ce bari in kawo muku, domin na san ba gidanmu kaɗai ake wannan ciwon cikin ba.

Shi dai ɗaukar shiri a ajiye ba sabon abu ba ne. Tun 1976 kamfanin JVC na ƙasar Japan ya fito da bidiyo mai cin kaset ɗin VHS, irin wanda iyayenmu suka kalli Turmin Danya a cikinsa bayan fitowarsa a 1990. Wannan bidiyon yana da agogo a goshinsa, ana iya saita shi ya ɗauki shirin talabijin ko ba kowa a ɗakin. Umma ta ce a ɗakinta na amarci akwai irinsa, amma har ya lalace agogon nan ƙiftawa kawai yake yi, ba wanda ya taɓa sanin amfaninsa, an dai lulluɓe shi da kyalle mai aikin kwarashi. A 1999 aka fito da TiVo a Amurka, wanda ya yar da kaset ya koma zuba shiri a rumbun ajiya irin na kwamfuta. A nan wajenmu kuma DStv suka kawo Explora a 2013, mai irin wannan rumbun a cikinsa. Yau kuwa hatta ƙananan dikodan nan na tashoshin kyauta da ake sayarwa a kasuwa, waɗanda muke kama Arewa24 da su tun da aka buɗe ta a 2014, yawancinsu suna da ƙofar da ake soka filashi, kuma in kin soka za su ɗauki shiri. Abin da ya ƙaru a wannan zamanin shi ne ba sai kin tsaya gaban talabijin da rimot kina lalube ba. Daga wayarki za ki bar masa sallahu, kina kicin ko kina kan gado, ko da kuwa maza sun cika falo suna kallon ƙwallo ba ki da halin shiga.

Yadda abin yake tafiya kuwa, da waifai ne. Da yawanmu mun ɗauka waifai shi ne intanet, ni ma haka na ɗauka har sai da Yaya ya yi mini dariya. Waifai hanya ce kawai ta iska wadda na'urori suke magana da juna a kusa, kamar yadda ki ke leƙa katanga ki yi magana da maƙwabciyarki ba tare da kin fita titi ba. Intanet shi ne titin. Saboda haka in wayarki da dikoda suna kan waifai ɗaya, za su gaisa su fahimci juna ko babu data ko ta sisi a gidan. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni, domin duk wadda ta taɓa bin wasa mai dogon zango a YouTube ta san yadda data take zubewa kamar ruwa a kwando.

Kayan da ake buƙata ba su da yawa. Dikodan da yake ɗaukar shiri kuma yake kama waifai, filashi ko rumbun ajiya, sai waya. Wasu dikodan da waifai ɗinsu a ciki suke zuwa. Ƙananan kuwa sai an saya musu 'yar eriya da ake sokawa a ƙofar filashi, kuma ba kowace eriya kowane dikoda yake karɓa ba, akasari masu lamba RT5370 ko MT7601 suke ganewa, don haka ki rubuta lambar dikodanku a takarda ki ba wanda zai sayo. A nan akwai tarkon da ya kusa kama mu. In ƙofar dikodan guda ɗaya ce, eriya ta shige ta, ina filashi zai shiga? Namu Allah ya taimake mu biyu gare shi, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Amaren da ake wa sayayyar kayan ɗaki, ku rada wa mai sayen ya ƙirga ƙofofin nan kafin ya biya.

Shi waifai ɗin, in gidanku akwai rauta ko 'yar ƙaramar na'urar nan ta aljihu da ake sa wa layi, shi ke nan, ko kuɗinta ya ƙare za ta yi aikin. In babu, wayarki ma tana iya zama rauta, ki kunna hotsifot, ki shiga saitin dikoda ki nemo sunan wayar, ki sa lambar sirri. Abu ɗaya, waifai kala biyu ne, akwai mai 2.4 akwai mai 5. Mai 5 ya fi gudu amma bango yana tare shi, mai 2.4 ya fi ratsa ɗakuna, kuma ƙananan eriyoyin nan shi kaɗai suke gani. In dikoda ya ƙi ganin wayarki, nan za ki fara dubawa.

Sai manhajar da za ki sa a waya, wadda ta danganta da irin dikodan. Manyan irin su Dreambox da Vu+ suna aiki da wani tsari da ake kira Enigma2, su ko manhaja ba dole ba ce. Da zarar dikoda ya hau waifai ana ba shi lamba, kamar lambar gida, wadda galibi take farawa da 192.168, za ki gan ta a wajen saitin waifai. Ki buɗe Chrome a wayarki ki rubuta lambar nan, sai shafin OpenWebif ya buɗe, ga tashoshi jere, ga jadawalin shirye-shirye. Mai son manhaja kuma akwai dreamDroid. Wasu nau'o'in Starsat da 'yan uwansu da G-MScreen suke aiki. Sai dai dikoda suna suka tara, wani zai bar ki ki canza tasha daga waya amma ba zai karɓi sallahun ɗauka ba. Shawarata kada ki yarda da "yana yi" ta bakin mai shago. Ki ce ya jona, ya saita ɗauka ta minti biyu daga wayarsa a gabanki, ki ga jan digon nan ya fito a talabijin, sannan a yi ciniki.

Saita ɗaukar kanta ba ta kai girkin miyar kuka wahala ba. In tashar tana aiko da jadawalinta, ki nemo sunan shirin ki taɓa, ki zaɓi ɗauka. In ba ta aikowa, kuma da yawan tashoshin kyauta ba sa aikowa, sai ki shiga wajen taima ki cike da hannu, tasha kaza, rana kaza, farawa ƙarfe kaza, ƙarewa ƙarfe kaza, sau ɗaya ko duk mako. Ki lura akwai zaɓi biyu masu kama da juna, ɗaya ya juya zuwa tashar kawai in lokaci ya yi, ɗayan ya ɗauka. Ɗauka za ki zaɓa. Kuma don Allah ki ƙara minti biyar a gaba, goma ko sha biyar a baya. Talla tana jan lokaci, kuma ba abin da ya kai ciwo irin a ce uwar miji ta ɗaga labule, kishiya ta juyo, sai hoto ya yanke.

Tambayar da ƙanwata ta fara yi ita ce, "To Yaya, in na fita da wayar fa, ko Anti ta kashe hotsifot ɗinta?" Ya ce ba komai. Waya 'yar aike ce, da ta isar da saƙo aikinta ya ƙare. Dikoda ya riga ya rubuta a ƙwaƙwalwarsa, in lokaci ya yi zai tashi da kansa ya ɗauka, ko wayar tana Kaduna. Amma ita wannan hanyar iyakarta gida. Da kin fita daga zaure kin bar inda waifai yake kaiwa, ba ki da ikon ƙara sallahu ko sokewa. Kada ki je makaranta ki tuna ki ce za ki saita daga aji, ba zai yi ba, kuma ma me ya kai waya aji?

To yanzu bari in ba ku labarin kunyar da muka sha a daren farko, don kada ku sha irinta. Mun saita komai, yarinya ta tafi lesin tana waiwaye. Ranar Asabar aka gama wanki, aka shimfiɗa tabarma, Umma har da cewa a jira ta ta idar da walaha. Aka kunna. Sai ga wani bawan Allah da babbar riga yana bayani a kan takin zamani, awa guda cur! Ƙanwata ta fashe da kuka, ta ce dama ta san yaudararta aka yi. Da Yaya ya dawo ya duba, ashe agogon dikodan ne yake baya da awa ɗaya. Shi dikoda daga tauraron ɗan'adam yake karɓar lokaci, a kan agogon GMT, mu kuma Najeriya da Nijar muna gaba da wannan agogon da awa ɗaya. Ba a taɓa gyara masa ba tun da aka saye shi, don ba wanda ya taɓa kallon agogonsa, tamkar dai bidiyon Umma. Da muka ce ƙarfe takwas, shi takwas ɗinsa ya jira, wadda ita ce taranmu. Ki shiga saitin lokaci ki mai da shi GMT+1, in kin ga wani zaɓi na lokacin bazara irin na Turai ki kashe shi, sannan ki gwada agogon da na wayarki. Sai da Yaya ya sayi data da kuɗinsa ya nemo mata wancan kashin kafin aka samu zaman lafiya.

Na biyu wuta. Wannan kam kowa ya san halin da ake ciki, ba sai na ɓata takarda ba. In an ɗauke wuta ana tsakiyar ɗauka, abin da aka samu ke nan, wani lokacin ma duk fayil ɗin ya lalace. Amma ga abin da mutane ba su lura da shi ba: ɗauka ba ta buƙatar talabijin a kunne. Dikoda kaɗai ke aiki, kuma cinsa kaɗan ne, bai kai na tsohon ƙwan fitila ba. Yawancin ƙananan da bolt 12 suke aiki, akwai ɗan batirin ajiya da ake sayarwa saboda rauta wanda yake riƙe irinsu na 'yan awanni. Ki sa a duba abin da aka rubuta a jikin cajar dikodan tukuna, kuma ki bar wa wanda ya iya ya haɗa, ban ce ki kama yankan waya da reza ba. Gidan da ke da sola kuwa sun huta. Sannan ki roƙi mutanen gida kada a kashe shi daga soket. A kashe da rimot, ya yi barcin zomo. Umma tana da ɗabi'ar bin soket tana kashewa kafin ta kwanta, sai da muka liƙa takarda a jikin namu. Wasu dikodan in suka yi barci mai nauyi waifai ɗinsu ma mutuwa yake yi, taimar da aka riga aka sa za ta tashe su, amma waya ba za ta gan su ba sai an kunna.

Akwai kuma maganar kunne. Yawancin ƙananan dikoda kunne ɗaya gare su, wato mita ɗaya suke saurara a lokaci guda. In yana ɗaukar wasanki, tashoshin da ke kan wannan mitar kaɗai za a iya kallo, sauran sai a jira. A nan ake samun rigima da samarin gida, domin in wani ya shigo zai kalli ƙwallo, dikoda zai tambaye shi ko a tsayar da ɗauka, kin kuwa san amsar da zai bayar. Ƙaninmu ya yi mana wadda ta fi wannan. Ya san lambar sirrin waifai, ya sa manhajar a wayarsa, yana kwance a ɗakinsu na zaure ya goge taimar gaba ɗaya, da safe ya fi kowa jajantawa. Ku riƙe wannan da kyau: duk wanda ya hau waifai ɗinku, in ba an sa wa dikodan tasa lambar sirrin ba, yana iya shiga ya ga abin da kuka ɗauka, ya canza tasha, ya goge. Lambar waifai ba goron biki ba ce da za a raba wa duk wanda ya yi sallama, kuma kada ki sa shekarar haihuwarki ko 12345678.

In wata rana waya ta ce ba ta ga dikoda ba, kada ki ce ya lalace. Sau da yawa lambarsa ce ta canza bayan an ɗauke wuta an dawo, ki duba sabuwar. Wani lokacin kuma wayar ce ta ga waifai ɗin babu intanet ta sulale ta koma kan data, ki kashe datar ki sake gwadawa.

Filashi kuma ki sayi na kirki. Shirin awa ɗaya a tasha mai hoto na yau da kullum yana cin giga ɗaya zuwa biyu, mai tsananin haske yana iya ninka wannan sau biyu ko uku. Mai giga 32 zai riƙe miki makonni. Jabun filashi sun cika kasuwa, a rubuta 64 a jiki, ciki ko 8 babu, kuma mai nawa yana sa hoto ya riƙa tsinkewa. In kin soka, dikoda zai iya tambayar ko ya wanke shi. Wankin nan na nufin share duk abin da ke ciki, ba ya barin ko hoto ɗaya. Kada ki ɗauko filashin da aka zuba hotunan bikin yayarki ki ce aro za ki yi. Na san wadda ta yi, har yau in an taru a gidan suna sai an tayar da maganar.

Abin da aka ɗauka daga tashar kyauta kina iya zare filashin ki kalla a kwamfuta, ko a waya in kina da ɗan mahaɗin da ake jona filashi da shi, manhajar VLC tana buɗe shi. Na dikodan biya irin Explora kuwa a kulle yake, cikinsa kawai ake kallo. A nan ina da magana guda da ta tsaya mini a rai. Ki ɗauka don kanki da mutanen gidanku. Kada ki mai da shi abin turawa zaurukan WhatsApp ko na sayarwa. Ni da nake rubuta littafi na san zafin ka kwana kana rubutu, ka ci bashin ɗab'i, littafi ya fita ranar Litinin, ranar Laraba ka tarar an ɗauki hoton shafukansa ana rabawa kyauta, har da mai turo maka tana cewa "Anti kin karanta wannan? Ya yi daɗi." Masu Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da sauransu su ma gumi suka yi, akwai masu ɗaukar hoto da masu kwalliya da masu dafa abinci da suke ci daga nan.

Kada kuma ki ga an samu hanyar ajiya ki tara shiri goma ki kwana kina kallo har kiran assalatu, ki je aji kina gyangyaɗi. Mu dokar da Umma ta kafa ita ce filashin yana cikin lalitarta daga daren ɗauka har Asabar. Ƙanwata ta yi ƙunƙuni, ta yi kumburi, amma ba ta sake fashin lesin ba, ciwon cikin ma ya warke ba tare da kanwa ba. Har ta gano wani daɗin da ba ta sani ba, wato tsallake talla, shirin awa ɗaya ya dawo mata minti arba'in da 'yan kai.

Dish dai yana nan a saman kwano. Makon jiya ina tankaɗe a tsakar gida Baba ya fito zai tafi masallaci, ya wuce har ya kai bakin zaure sai ya dawo, ya yi gyaran murya ya ce, "Ke, wannan abin naku na waya, yana ɗaukar dambe?" Na ce, "Yana ɗauka Baba." Ya ce to a sa masa na ranar Lahadi, yana da ɗaurin aure a ƙauye. Yanzu haka Yaya ya tafi nemo filashi na biyu, don na farkon Baba ya cika rabinsa.